Idan VPN ɗin aiki ya ƙi haɗuwa: yadda za ka gano inda matsalar take

Yawancin masu aiki daga gida, da zarar VPN, wato manhajar da ke haɗa kwamfutarsu da tsarin kamfani ta hanya mai tsaro, ya ƙi haɗuwa, sai su sake rubuta kalmar sirri, su danna, ya ƙi, su kuma sakewa. Da wannan bai kamata a fara ba. Kamfanoni da yawa sun saita tsarinsu ya kulle akawun idan aka yi kuskure sau kaɗan a jere, ka ga matsala ɗaya ta haifi ta biyu, alhali wataƙila tun farko kalmar sirrin ba ta da laifi.

Haɗuwar VPN daki-daki take tafiya. Da farko kwamfutarka za ta nemi hanya zuwa sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke karɓar masu shiga. Idan ta isa, sabar za ta nuna mata satifiket, wato takardar shaidar cewa ita ce sabar gaske, kwamfutar ta duba ta yarda ko ta ƙi. Sannan a juyo kanka a tambaye ka suna da kalmar sirri da lambar da ke fitowa a waya, a wasu wuraren har da satifiket ɗin da aka ajiye a cikin kwamfutar. Sai an wuce waɗannan duka ake buɗe maka hanya zuwa cikin kamfani. Duk aikin gyaran shi ne gano matakin da abin ya tsaya. Ko Cisco Secure Client kake amfani da shi, wanda har yanzu mutane ke kira AnyConnect, ko GlobalProtect, ko FortiClient, ko OpenVPN, ko wanda ya zo cikin Windows, jerin matakan bai canza ba.

Mataki na farko: karanta saƙon kafin ka rufe shi

Ɗauki hoton allon yadda saƙon ya fito, tare da lokacin da ke ƙasan kwana. Sannan ka tambayi kanka: an nemi kalmar sirri kafin ya ƙi, ko ko ba a kai ga nan ba? Idan ba a nema ba, ka bar zancen kalmar sirri gaba ɗaya, matsalar tana hanya ko tana satifiket. Saƙonni irin su "Login failed" a Cisco, "AUTH_FAILED" a OpenVPN, da lamba 691 a VPN na Windows suna nufin an isa sabar, ta ji ka, ta ƙi ka. Lamba 809 a Windows, ko "TLS key negotiation failed to occur within 60 seconds" a OpenVPN, suna nufin babu wanda ya amsa. Duk saƙon da ka ga kalmar "certificate" ko "untrusted" a ciki, da lambobi 13801 da 13806, maganar satifiket ce.

Kafin ka taɓa komai, aika wa abokin aiki ɗaya saƙo ka tambaye shi ko nasa ya haɗu. Idan kowa ya kasa a safiya ɗaya, laifin ba a kwamfutarka yake ba, sai ka sanar da sashen IT ka jira.

Mataki na biyu: agogo

Wannan ne abin da aka fi rainawa, kuma yana yawan kama mutane a wajenmu. Kowane satifiket yana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma da agogon cikinta kwamfuta take auna su. Idan agogon ya koma shekarun baya, sai ta ɗauka satifiket ɗin bai fara aiki ba tukuna. Idan ya tsallaka gaba, sai ta ce ya mutu. Tsarin Kerberos da kamfanoni masu amfani da Windows ke tantance ma'aikata da shi ma, bisa saitinsa na asali, ba ya jure bambancin da ya wuce minti 5.

Abu biyu ke ɓata agogo. Na farko ɗan batirin da ke cikin kwamfutar, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe ta, galibi mai lamba CR2032 mai kama da kwabo. A kwamfutocin da aka sayo na hannu sau da yawa ya riga ya mutu. Ba za ka lura ba muddin akwai caji, amma ranar da aka ɗauke wuta har babban batirin ya ƙare ƙaf, kana kunnawa sai ka tarar da kwanan wata na shekarun baya. Idan haka na maimaituwa, kai ta wurin mai gyara ya canza ɗan batirin, ba shi da tsada.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Kwamfuta ta zo daga Amurka da yankin lokacin can, mai ita ya ga agogo ba daidai ba, sai ya gyara awa da hannu ya bar yankin yadda yake. A ido lokaci ya yi daidai, amma a lissafin kwamfutar, wanda ke tafiya da lokacin duniya na UTC, ta kauce da awa 8 ko 9 idan daga gabar yammacin Amurka ta fito. A Windows, shiga Settings, sai Time & language, sai Date & time. Fara da yankin lokaci: Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna kan UTC+01:00, wanda Windows ke rubutawa West Central Africa, Ghana tana kan UTC, Sudan kuwa UTC+02:00. Bayan ka zaɓi yankin, kunna saita lokaci da kansa, ka danna Sync now. Idan maɓallan sun dusashe ba sa dannuwa, kamfani ne ya kulle su, sai ka gaya wa sashen IT abin da agogon ke nunawa. Ka duba agogon wayarka ma, za mu zo kan dalilin.

Mataki na uku: hanya

Buɗe wani shafi a burauza ka tabbatar akwai intanet da gaske. Idan a otal kake ko filin jirgi, sau da yawa sai ka amince da wani shafin shiga kafin a sake maka hanya, kuma kafin nan duk abin da kwamfutarka ta nema wannan shafin ake tura mata, shi ya sa VPN ke kukan satifiket alhali sabar kamfani ma ba a kai gare ta ba.

Gwajin da ya fi saurin raba gardama shi ne canza layi. Idan kana kan rautar gida, raba data daga wayarka ka gwada. Idan kana kan layin waya ɗaya, gwada na wani kamfanin. Ya haɗu a ɗaya ya ƙi a ɗaya? To hanya ce. Dalilin shi ne kowane irin VPN da ƙofar da yake bi: IKEv2 yana buƙatar UDP 500 da 4500, OpenVPN bisa al'ada UDP 1194, WireGuard UDP 51820, su kuma Cisco da GlobalProtect suna farawa ta TCP 443, ƙofar da shafukan intanet ke bi. Wasu otal-otal da ofisoshi suna toshe komai ban da ta ƙarshen. Idan haka ne, tambayi sashen IT ko akwai zaɓin haɗuwa ta TCP 443.

Sai kuma VPN na kashin kanka. Tun lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa suka saka irin waɗannan manhajoji na kyauta suka manta da su. Suna kokawa da na aiki a kan hanya, kuma suna sa a ga kamar daga wata ƙasa kake shigowa, abin da kan sa tsarin tsaron kamfani ya rufe maka ƙofa. Kashe shi gaba ɗaya, ba ɓoye shi a ƙasan allo ba. Haka nan idan ka yi tafiya zuwa wata ƙasa, kamfanoni da dama ba sa barin shiga sai daga ƙasashen da suka lissafa, wannan kuwa babu dabarar da za ka yi daga ɓangarenka.

Mataki na huɗu: suna da kalmar sirri

Sai ka tabbatar an isa sabar sannan ka zo nan. Gwada kalmar sirrin a wani wuri da ke amfani da akawun ɗin, misali imel ɗin aiki ta burauza, sau ɗaya tak. Amfanin wannan shi ne shafin imel yakan faɗi gaskiyar abin da ya faru, ya ce kalmar ta ƙare wa'adi ko an kulle akawun, alhali manhajar VPN ba za ta ce komai ba sai "Login failed".

Idan nan ma ya ƙi, duba tsarin madannai. Wanda ke aiki a Yamai ko Maraɗi ko Injamena ya san madannan Faransanci na AZERTY, inda A da Q suka yi musanya, Z da W ma haka, lambobi kuma sai an danne Shift. Ko tsakanin tsarin Ingila da na Amurka, alamar @ da alamar " suna musanya wuri. Windows na sauya tsarin idan hannu ya taɓa Alt da Shift tare, mutum bai sani ba, ga shi kuma ɗigo-ɗigo kawai yake gani. Rubuta alamomin kaɗai a akwatin bincike ka ga abin da ke fitowa, kada ka rubuta kalmar gaba ɗaya. Maɓallin Windows da Space yana dawo da tsarin.

Sunan ma da sigarsa. Wani wurin sunan kawai ake so, wani wurin sai da sunan yankin kamfani a gaba da alamar \ a tsakani, wani kuma cikakken adireshi mai kama da imel. Idan akwai jerin rukuni da ake zaɓa a saman akwatin, tabbatar naka ka zaɓa.

Ga wata matsala da ke wahalar da mutane bayan sun canza kalmar sirri. An buɗe akawun, bayan minti kaɗan ya sake kullewa. Mai laifin galibi wata na'ura ce da ke riƙe da tsohuwar kalmar tana ta gwadawa a ɓoye: manhajar imel a waya, tsohuwar waya da aka ba ƙane, ko abin da Windows ya adana a Credential Manager. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sabunta ko ka cire. Kwamfutar aikin kanta kuma za ta ci gaba da karɓar tsohuwar kalmar wajen buɗewa har sai ta yi magana da kamfani. Shiga da tsohuwar, haɗa VPN da sabuwar, danna Windows da L ka kulle allon, sannan ka buɗe da sabuwar.

Lambar waya, a taƙaice

Lambobi shida da ke fitowa a Google Authenticator da makamantansa ana lissafa su ne daga agogon wayar, suna canzawa duk daƙiƙa 30. Idan agogon wayar ya kauce da minti ɗaya ko biyu, lambar da kake gani ba ita sabar ke jira ba. Sa wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga layi. Idan ka canza waya, kada ka ɗauka akawun ɗin aiki ya biyo ka, yawanci sai an sake yi maka rajista. Idan shiga ta burauza ake yi kuma tana ta kai ka akawun ɗinka na kashin kai, fita daga cikinsa tukuna.

Idan kuwa saƙon neman amincewa da shiga akawunka ya faɗo wayarka ba kai ka nema ba, ƙi shi, ka canza kalmar sirri, ka sanar nan take. Wani ne ke riƙe da kalmarka. Ta haka aka shiga tsarin kamfanin Uber a Satumban 2022: aka yi ta turo wa wani ɗan kwangila saƙon har ya amince.

Mataki na biyar: satifiket ɗin sabar

Kwamfuta ba ta yarda da satifiket don ya faɗi sunansa. Kamar takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ce, dagaci ya tabbatar da mai unguwa, hakimi ya tabbatar da dagaci, wanda aka kai wa takardar kuma hatimin hakimi kaɗai ya sani. Satifiket ɗin sabar wani na tsakiya ne ya sa masa hannu, na tsakiyan kuma na tushe ne ya sa masa, na tushen kuwa dole ya kasance cikin jerin da kwamfutarka ta riga ta amince da su. Ko'ina sarƙar ta tsinke, za a ƙi.

Ga yadda za ka gani da idonka, idan VPN ɗinku irin mai bi ta 443 ne. Kwafi adireshin da ke cikin manhajar, ka sa https:// a gabansa, ka buɗe a burauza. Kada ka rubuta kalmar sirri, kallo kawai za ka yi. Danna alamar da ke gefen hagu na adireshin ka buɗe bayanin satifiket, ka duba abu uku: wa aka ba, wa ya bayar, yaushe zai ƙare.

Idan ranar ta wuce kuma agogonka daidai yake, aikin sashen IT ne su sabunta. Wannan zai riƙa faruwa fiye da da, domin wa'adin satifiket ɗin da ake saya daga hukumomin waje yana ta raguwa. Daga Satumban 2020 an taƙaita shi zuwa kwana 398, sannan a Afrilun 2025 aka amince a rage shi zuwa kwana 200 daga Maris ɗin 2026, kwana 100 daga Maris ɗin 2027, har ya kai kwana 47 a 2029. Kamfanin da ke sabuntawa da hannu sau ɗaya a shekara zai sha mantuwa.

Idan sunan da ke jiki bai yi daidai da adireshin da ka rubuta ba, Chrome zai ce ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID. Sau da yawa wani ne ya ba ka lambar IP ta sabar ko tsohon adireshi ka saka a madadin sunan. Nemi cikakken sunan ka maye gurbinsa.

Idan kuma saƙon ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID ne, dubi wanda ya bayar. Ka ga sunan manhajar kashe ƙwayar cuta da ke kwamfutarka? Irin su Kaspersky da Avast da ESET suna da tsarin leƙa hanyoyin da aka ɓoye, su sa nasu satifiket a tsakani, sai a cire adireshin VPN daga abin da suke leƙawa. Ka ga sunan kamfaninku? To kamfanin ne ke buga nasa, kuma kwamfutarka ba ta da na tushen, abin da aka saba gani idan da kwamfutar kanka kake aiki ko an sake mata Windows a kasuwa. Tsohuwar kwamfutar da aka hana sabuntawa don tsimin data ita ma tana rasa sababbin na tushe. Wannan ya bayyana ƙarara ranar 30 ga Satumban 2021, da tsohon tushen DST Root CA X3 da hukumar ba da satifiket ta Let's Encrypt ke jingina da shi ya ƙare, tsofaffin na'urori suka fara ƙin shafukan da lafiyarsu ƙalau. Idan kuwa sunan da ka gani baƙo ne, ba na kamfani ba, ba na wata sananniyar hukuma ba, tsaya nan, ka sauka daga wannan layin.

Manhajoji da yawa suna da maɓallin "Connect Anyway", ko wani saiti na daina toshe sabar da ba a yarda da ita ba, kuma za ka samu masu ba da shawarar a danna a wuce. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan. Wannan gargaɗin shi kaɗai ne ke tsakaninka da miƙa kalmar sirrinka ga sabar bogi. Haka nan kada ka saka satifiket na tushe da wani ya turo a zauren WhatsApp, domin duk wanda ke riƙe da makullinsa zai iya yi wa kwamfutarka shigar burtu da sunan kowane shafi. Karɓe shi daga sashen IT, ka kira su a lambar da ka sani, su karanta maka Thumbprint ɗinsa, wato jerin haruffa da lambobin da ke bambanta shi da kowane satifiket, kana dubawa. Masu FortiClient su lura: idan ya tsaya cak a kashi 40, sau da yawa akwai akwatin gargaɗin satifiket da ya ɓuya a bayan tagar.

Mataki na shida: satifiket ɗinka

Wasu kamfanoni suna neman kwamfutar ita ma ta nuna shaida. Idan babu, Cisco yakan ce "Certificate Validation Failure", GlobalProtect ya ce "Required client certificate not found", Windows kuma ya ba da 13806. Danna Windows da R, ka rubuta certmgr.msc don ganin na mai amfani, ko certlm.msc don ganin na na'urar kanta, wanda kan nemi izinin mai kula. Buɗe Personal, sai Certificates. A Mac, Keychain Access za ka buɗe.

A Windows, danna satifiket ɗin sau biyu. Duba ranar ƙarewa. A ƙasan shafin farko ya kamata ka ga "You have a private key that corresponds to this certificate". Idan wannan layin babu shi, satifiket ɗin ba shi da amfani wajen shiga, domin makullin sirrin shi ne ainihin shaidar. Haka ke faruwa idan aka saka fayil mai ƙarewa da .cer ko .crt, waɗanda ba sa ɗauke da makulli, a madadin .pfx ko .p12. A shafin Details, wurin Enhanced Key Usage, dole a samu Client Authentication. A shafin Certification Path kuma kana son ganin "This certificate is OK".

Akwai tarko ga wanda ya daɗe bai haɗu ba, ko don hutun haihuwa, ko jinya, ko aikin Hajji. A kamfanoni da yawa satifiket ɗin kwamfuta yana sabunta kansa ne kawai idan tana iya magana da sabar cikin gida. Idan ya ƙare tana cikin jaka, babu VPN sai da satifiket, babu satifiket sai da VPN. Mafita ita ce a kai ta ofis a jona ta da layin can, ko sashen IT su buɗe wata hanya ta wucin gadi. Inda ake kula da na'urori ta Intune, tsarin Microsoft na kula da su daga nesa, buɗe manhajar Company Portal ka danna Sync yakan isa, domin ta intanet yake bi. Mai shirin dogon hutu ya duba ranar ƙarewar kafin ya rufe kwamfutar. Idan ka tarar da satifiket biyu ko uku masu suna ɗaya, mai yiwuwa manhajar tsohon take ɗauka, amma kada ka goge da kanka, wani na iya zama wanda aka kulle tsofaffin saƙonninka da shi.

Masu OpenVPN nasu satifiket ɗin yawanci yana cikin fayil ɗin .ovpn da aka ba su. Idan bayanan manhajar suka nuna "certificate has expired", sabon fayil za ka nema.

Idan ya haɗu amma babu abin da ke buɗewa, wannan ba maganar shiga ba ce kuma. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /flushdns ka sake gwadawa. Idan bai yi ba, wataƙila rautar gidanka da ofis suna amfani da jerin lambobi iri ɗaya, kamar 192.168.1, sai kwamfutar ta riƙa neman sabar ofis a cikin gidanka. Gwajin data daga waya zai nuna hakan.

Abin da za ka aika wa sashen IT

"VPN ba ya aiki" ba ya ba su abin kamawa. Aika hoton saƙon, da lokacin da abin ya faru, da sunan manhajar da lambar sigarta, da layukan da ka gwada da sakamakon kowanne, da ko imel ya karɓi kalmar sirrin, da ranar ƙarewar satifiket ɗin da ka gani da sunan wanda ya bayar. Faɗi kuma abin da ya canza tun haɗuwarka ta ƙarshe: sabuwar waya, sabuwar kalmar sirri, sabuntawar Windows, ko tafiya. Cisco yana da kayan aiki mai suna DART da ke tattara bayanan cikin fayil ɗaya, GlobalProtect yana da Collect Logs a ƙarƙashin Troubleshooting, VPN na Windows kuma yana rubuta nasa a Event Viewer da sunan RasClient. Kalmar sirri, da lambar da ke fitowa a waya, da fayil ɗin .pfx ba sa cikin abin da ake aikawa, ko wane ne ya nema.